Babi na Huɗu: Rokar Araha a Ƙasar Mobutu

Owendo gari ne na lodi da sauke kaya. Nan ce tashar jiragen ruwan Libreville, nan kuma layin dogon Gabon yake tsayawa bayan ya keto daji fiye da kilomita 600 daga Franceville, ɗauke da ma'adinin manganis na Moanda da katako. Wanda ke neman abincinsa a can, ɗan kasuwa ne mai jiran kwantena ko direban babbar mota, ƙasa da ruwa yake kallo, ba ruwansa da sama. Amma garin yana zaune a kan wata dukiya da ba a loda ta a jirgi. Tsakaninsa da layin Ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, bai kai kilomita 50 ba.

Duniya tana juyawa ne daga yamma zuwa gabas, kuma a kan wannan layi juyin ya fi sauri, wajen kilomita 1,670 a awa guda. Rokar da za ta ajiye tauraron ɗan'adam a falaki sai ta kai gudun kilomita 28,000 a awa. In aka harba ta gabas daga kusa da Ikwaita, ta sami wancan gudun na farko kyauta tun ba ta ƙona ɗigon mai ba. Ga kuma taurarin sadarwa, masu kawo mana talabijin da waya, waɗanda mazauninsu yake saman Ikwaita daidai, a nisan kilomita 35,786. Wanda ya taso daga nesa da layin dole ya kashe mai wajen gyara hanya. Duk man da aka rage, kaya aka ƙara, kayan kuwa su ne kuɗin.

Sai dai tekun Gabon yana yammacinta ne. Roka gabas take nufa, tana yar da gangunanta da suka ƙare a hanya, kuma ba mai son su faɗo a kan gari. Saboda haka aikin da ya faɗo wa Gabon a wannan harka shi ne saurare. A Nkoltang, a kan hanyar da ta fita daga Libreville zuwa cikin ƙasa, aka kafa tashar da ke bin sawun rokokin Ariane na Turai. A zamanin Ariane 5, wadda ta yi tashinta na ƙarshe a 2023, in ta tashi daga Kourou, a Kudancin Amurka, sai tashar Natal ta Brazil ta karɓi saƙonta, ta miƙa wa tsibirin Ascension, shi kuma ya miƙa wa Libreville kafin a cika minti ashirin da tashi, sannan Malindi ta Kenya ta ɗauka daga nan.

An taɓa yin wani mutum da ya ce tsakiyar Afirka za ta wuce saurare, daga ita za a riƙa harbawa. Sunansa Lutz Kayser, injiniya ɗan Jamus ta Yamma, haifaffen Stuttgart a 1939. Kamfaninsa, OTRAG, shi ne na farko mai zaman kansa da ya yi niyyar gina roka don kai taurarin ɗan'adam sama a kan kuɗi, shekaru kusan talatin kafin a ji sunan SpaceX.

A wancan zamani, maganar kamfani ya mallaki roka daidai take da a ce kamfani ya mallaki rundunar soja. Amurka da Tarayyar Sobiyet ne masu sararin samaniya. Ƙasashen Turai sun haɗa kuɗi sun gina wata roka mai suna Europa, Ingila ta yi kashin farko, Faransa na biyu, Jamus na uku, amma ba ta taɓa kai tauraro falaki ba. Gwajinta na ƙarshe, a Kourou a watan Nuwamban 1971, tarwatsewa ta yi a sama. Kayser yana cikin waɗanda gwamnatin Jamus ta ba kuɗin bincike don a nemo hanya mai rahusa. Da Turai ta yanke shawarar gina Ariane, sai aka ajiye shawararsa a gefe. Shi kuma ya ƙi ajiyewa, ya kafa OTRAG a 1975.

Dabarar tasa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce kyawun labarin. Abin da ya fi tsada a jikin roka, kuma ya fi yawan ba da matsala, shi ne famfon da ke tura mai cikin inji. Na'ura ce mai juyawa sau dubbai a minti guda, gefe ɗaya sanyi mai daskarar da ƙarfe, gefe ɗaya wuta, kuma ana ƙera ta ne ɗaya-ɗaya kamar aikin maƙerin zinariya. Kayser ya ce a cire ta gaba ɗaya. A ɗauko bututun ƙarfe mai faɗin santimita 27, a zuba masa mai har wani wuri, a cika sauran da matsattsiyar iska. Da an buɗe bawul, iskar da kanta za ta tura man. Man kuwa kananzir ne, abin da zai ƙona shi kuma asid ɗin naitirik, wanda masana'antun taki ke yi da yawa. Dukkansu suna zama a tanki cikin zafin rana, ba su buƙatar sanyaya irin ta iskar oksijin da aka mayar ruwa. Ƙaramin injin da ke buɗe bawul ɗin ma ba a ƙera shi musamman ba, na waifar mota ne, irin wanda ke share gilashi in ana ruwa.

Bututu ɗaya da injinsa ba za su kai ko'ina ba. Sai a ɗaure su da yawa wuri guda, kamar damin kara. Mai son ƙaramar roka ya ɗaure huɗu, mai son ya ɗaga tan goma ya ɗaure ɗaruruwa. Na waje su fara ci, in sun ƙare su zube, na ciki su ɗauka. Tuƙi ma ba a buƙatar inji mai lanƙwasa wuya: in ana son roka ta karkata hagu, sai a rage ƙarfin injinan hagu. Duk lissafin ya tsaya ne a kan cewa abin da masana'anta ke bugawa dubu-dubu yana arha, ko da kuwa kowane ɗaya bai kai na gwani inganci ba. Masu sukar dabarar suna da hujja mai ƙarfi. Bututun da zai riƙe matsattsiyar iska dole ya yi kauri, kauri kuwa nauyi ne. Ƙarfin injin yana raguwa yayin da iskar ke saki. Kuma sarrafa ɗaruruwan injina lokaci guda da irin kwamfutar 1975 ba ƙaramin aiki ba ne. Kayser ya amsa cewa nauyi ba laifi ba ne muddin ƙarfe da kananzir suna da araha.

Kuɗi bai ba shi wahala ba da farko. Dokar harajin Jamus ta lokacin ta yarda mai arziki ya cire asarar da kamfanin da ya sa wa hannun jari ya yi daga harajin da ake bin sa. Ɗaruruwan masu hali suka zuba kuɗi, da yawansu don rage haraji, ba don sun damu da taurari ba. Don a ƙara wa kamfanin kwarjini, aka naɗa Kurt Debus shugaban hukumar gudanarwa, mutumin da ya shugabanci cibiyar Kennedy ta NASA lokacin da aka tura mutum duniyar wata. Wannan suna ya buɗe ƙofofi. Amma Debus yana cikin waɗanda suka yi wa Hitler aikin makamin V-2, wanda aka yi ta jefawa kan Landan da Antwerp, kuma Turai ba ta manta ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an haramta wa Jamus ta Yamma ƙera makamai masu linzami masu dogon zango a ƙasarta. Ga shi ƙasar cike take da garuruwa, kuma tana nesa da Ikwaita. Dole Kayser ya nemi fili a waje.

Ya same shi a hannun Mobutu Sese Seko na Zayar, ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Mobutu mai son abin da zai sa duniya ta waiwayo ne. Shi ya kawo damben Muhammad Ali da George Foreman Kinshasa a 1974. A lokacin da Kayser ya zo masa, farashin tagulla ya faɗi, baitulmali ya fara bushewa, bashi ya yi yawa. A watan Maris na 1976 aka sa hannu a yarjejeniya. An ba OTRAG yanki mai faɗin murabba'in kilomita 100,000 a arewacin lardin Shaba, wato Katanga, tsakanin kogin Luvua da tafkin Tanganyika, har zuwa shekarar 2000. Wannan fili ya kai ninki biyar na jihar Kano. Kuɗin haya, dala miliyan 50 a shekara, an ɗaure biyansa da fara harba taurari na kasuwanci. An kuma yi wa Zayar alkawarin kai mata tauraro guda kyauta.

Abin da ya fi damuna a takardar nan shi ne ikon da ta bayar. Kamfanin ne zai ce wa zai shiga yankin, wa zai ratsa samansa da jirgi, kuma yana iya neman a tashi mutane daga inda yake so. Wannan yanki ba kufai ba ne. Akwai ƙauyuka, akwai masunta a bakin kogi da tafki, akwai gonaki da kaburburan kakanni. Mutum ɗaya a Kinshasa, nisan fiye da kilomita dubu, ya sa hannu a madadinsu. Mutanen Kongo sun san irin wannan takarda tun zamanin Sarki Leopold na Beljiyam, wanda ya rarraba ƙasarsu ga kamfanonin roba. Shekara 16 kacal da samun 'yanci, ga ta ta dawo. Ba OTRAG kaɗai ke da wannan tabo ba, domin a Kourou ma an tashi iyalai daga gonakinsu kafin a gina wurin harba Ariane. Amma ko a Kourou ba a miƙa wa kamfani guda fili mai girman ƙasa sukutum ba.

A kan wani tudu mai suna Kapani Tonneo, wanda ke kallon kwarin Luvua, matasan injiniyoyin Jamus suka kafa sansani. Babu hanyar mota ta kirki, sai da aka share filin saukar jirgi, aka sayi tsofaffin jiragen ɗaukar kaya. Bututai, asid, siminti, abinci, kusan komai ta sama yake zuwa. Mutanen yankin su suka yi sara da haƙa da ɗauka. Ranar 17 ga Mayu 1977 aka harba roka ta farko mai bututu huɗu, ta tashi lafiya, ta haura kilomita goma. Nisan bai kai ko kusa da sararin samaniya ba, wanda ake lissafa farkonsa daga kilomita 100. Duk da haka ranar babba ce: kamfani, ba gwamnati ba, ya gina roka mai amfani da ruwan mai da kayan da ake samu a kasuwa, ta kuma tashi.

Sun yi rashin sa'ar lokaci da wuri. Wata biyu kafin wannan harbi, 'yan tawayen Katanga da ke zaune a Angola suka kutso cikin Shaba, sai da sojojin Maroko suka zo da taimakon Faransa aka kore su. Afirka ta rabu biyu a kan yaƙin cacar baka, kuma wannan rabuwa ta fito fili a taron ƙolin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da shugaban Gabon Omar Bongo ya karɓi baƙuncinsa a Libreville a watan Yulin 1977. Bayan wata guda, mujallar Afrique-Asie ta birnin Paris ta buga yarjejeniyar OTRAG, wadda ta fito ta hannun 'yan adawar Mobutu. Nan take magana ta canza. Mosko da Jamus ta Gabas suka ce Jamus ta Yamma ce ke gwada makamai masu linzami a ɓoye, tana kewaye haramcin da aka ɗora mata. Angola ta ce ita ake nufi. A 1978 wata mujallar Amurka ta buga labarin cewa makaman yaƙi ake gwadawa a tudun. Ba a taɓa kawo shaidar da ta tabbatar da haka ba. Amma wanda ya ga Jamusawa da roka, da tsohon ma'aikacin V-2 a kan kujerar shugabanci, da fili mai shinge a lardin da ake yaƙi, ba za a ce ya yi wauta ba in ya tsorata. Rokar da ke ɗaukar tauraro da wadda ke ɗaukar bam uwa ɗaya ta haife su.

A watan Mayun 1978 'yan tawayen suka dawo, suka kama garin Kolwezi mai ma'adinai, aka kashe ɗaruruwan mutane, sojojin laima na Faransa da Beljiyam suka dira. A cikin kwanakin nan ne OTRAG ta harba rokarta ta biyu, da dare, ta kai wajen kilomita 30. Rundunar Afirka da ta karɓi tsaron Shaba daga baya ta ƙunshi sojojin Maroko da Senegal da Togo da kuma na Gabon.

Sai ranar 5 ga Yuni 1978. Mobutu da kansa ya zo tudun da tawagarsa da 'yan jarida, don duniya ta ga cewa Shaba tana hannunsa kuma Zayar ta kama hanyar sama. Rokar ta tashi, ta karkace nan da nan, ta yi baka, ta faɗa cikin kwari. Raunin dabarar ne ya bayyana: rokar da ake tuƙawa ta hanyar daidaita ƙarfin injina, in ɗaya ya gaza, sauran su za su tunkuɗe ta gefe. An ɗauki hoton abin a fim, har yau ana kallonsa. A wurin injiniya, faɗuwar gwaji na uku ba abin kunya ba ne, darasi ne da za a gyara a na huɗu. A wurin shugaban da ya tara baƙi, abin ya sha bamban. Daga nan Mobutu ya sasanta da Agostinho Neto na Angola. Mosko tana matsa wa gwamnatin Helmut Schmidt ta Jamus ta Yamma, Faransa kuma, wadda ta ceci Mobutu sau biyu, tana da Ariane da take renonta. A watan Afrilun 1979 Zayar ta soke yarjejeniyar. Sa hannun mutum ɗaya ya ba da filin, sa hannunsa ya karɓe. Ranar biyan haya ba ta zo ba, tauraron kyauta ma bai tashi ba. A ranar 24 ga Disamba na wannan shekara, Ariane ta yi tashinta na farko daga Kourou cikin nasara.

Matakin da Kayser ya ɗauka bayan haka shi ya ƙarasa kamfanin. Ya koma Libiya, wurin Mu'ammar Gaddafi, ya kafa sabon sansani a hamada kusa da Sabha, garin da matafiyanmu masu bin hanyar Agadas suka sani sarai. An harba roka a can ranar 1 ga Maris 1981. Sabha tana nesa da Ikwaita, don haka hujjar da aka kafa a Zayar ba ta aiki a nan, kuma kowa ya san abin da Gaddafi yake nema a wurin masu roka. Abin da a da zargi ne kawai, yanzu ya sami ƙafar tsayuwa. Amurka ta shiga cikin masu matsa lamba. Masu hannun jari suka kawar da Kayser daga shugabanci, Frank Wukasch ya karɓa, kamfanin ya janye daga Libiya, gwamnatin Gaddafi kuma ta riƙe kayan aikin. An yi gwaji na ƙarshe a Kiruna, a arewacin Suwidin, a watan Satumban 1983. Kafin ƙarshen shekarun 1980 an rufe OTRAG.

In aka ajiye wannan labari kusa da na SpaceX, sai a ga abin da ya kashe ɗaya ya raya ɗaya. Elon Musk ya kafa kamfaninsa a 2002 da kusan dala miliyan 100 na aljihunsa. Shi ma tsibiri mai nisa ya tafi kusa da Ikwaita, Omelek, a tsibiran Marshall na tekun Pasifik. Rokarsa Falcon 1 ta faɗi a watan Maris na 2006 saboda wani noti da tsatsa ta ci, mai ya zuba, wuta ta kama. Ta sake faɗuwa a 2007 saboda ruwan oksijin da ke tangal-tangal a tankin kashi na biyu. Ta faɗi karo na uku a watan Agustan 2008, lokacin da kashin farko, bayan ya rabu, ya sake tunkarar na biyu ya buge shi. Sau uku a jere, abin da ya fi na OTRAG muni, domin ita biyu daga cikin ukunta na Zayar sun tashi. Kuɗin Musk ya kusa ƙarewa lokacin da ta huɗu ta shiga falaki ranar 28 ga Satumba 2008.

Amma tsibirin Omelek yana cikin filin gwajin makamai na sojojin Amurka, ba wanda zai zo ya ce a tashi. Hukumomin tsaron Amurka ne suka sayi harbin farko. Tun 2006 NASA ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 278 da kamfanin, kuma wata uku bayan nasarar ta ba shi kwangilar dala biliyan 1.6 don kai kaya tashar sararin samaniya. SpaceX kamfani ne mai zaman kansa wanda gwamnatinsa ta ba shi fili, ta zama mai sayen hajarsa, ta kuma yi haƙuri da faɗuwarsa. OTRAG kuwa gwamnatinta kunyarta take ji, kuɗin Jamus suna cikin Ariane, masu hannun jarinta rangwamen haraji suka zo nema, masu masaukinta kuma shugabanni ne biyu da kowannensu ke da tasa buƙata. Ba ta taɓa kai kayan wani mai saye falaki ba.

Ina ganin Kayser ya hango gaskiya a kan tsada: roka za ta yi araha ne ranar da aka daina ƙera ta ɗaya-ɗaya. Inda ya kauce shi ne zaton cewa ƙasa ma ana samunta da araha, in dai an san wanda za a gani a fada. Wannan zato bai mutu tare da kamfaninsa ba. A watan Janairun 2023 Jibuti ta sa hannu a kan takardar fahimtar juna da wani kamfanin Hong Kong don gina wurin harba roka a yankin Obock, a kan kusan dala biliyan ɗaya. Gabashin Afirka yana da abin da Gabon ta rasa, wato teku a gabas, don haka masu neman fili za su ci gaba da zuwa. Gabon ita ta bi wata hanya. A 2010 ta kafa hukumarta ta harkar sararin samaniya, AGEOS, a 2015 ta buɗe tasha a Nkok, kusa da Libreville, inda ake karɓar hotunan taurarin ɗan'adam don sa ido a kan dazuzzukan da suka rufe kusan kashi tara cikin goma na ƙasar. Aiki ne marar ƙara da hayaƙi, amma 'yan ƙasar ne a gaban kwamfutocin.

Kayser ya daɗe a Libiya bayan rushewar kamfanin. Daga baya ya koma tsibiran Marshall, ƙasar da Falcon 1 ta tashi daga cikinta, ya zauna a wani ɗan tsibiri mai suna Bikendrik har ya rasu a watan Nuwamban 2017. Kafin a cika wata uku, ranar 6 ga Fabrairu 2018, Falcon Heavy ta tashi daga Florida da injina 27 suna ci lokaci guda, abin da rokar N1 ta Sobiyet mai injina 30 ta gwada sau huɗu tsakanin 1969 da 1972 ta kasa. Wannan ya nuna cewa ana iya sarrafa taron injina. Amma injinan Falcon suna da famfo, kuma araharsu daga dawowa ƙasa a sake amfani da su take, hanyar da Kayser bai bi ba. Damin ɗaruruwan bututai da ya zana a takarda, ba a taɓa gina shi ba.